Gaɓar Tekun Katsina

A zangon karatun da ya wuce wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya kawo mini rubutun wani littafin soyayya da ya yi wata shida yana fama da shi, ya ce in duba masa kafin ya kai wa masu ɗab'i. Yaron yana da hannu, ba laifi. Amma da na kai babi na huɗu sai na tarar ya kwashi saurayin da budurwar daga Ƙofar Kaura ya dire su a Bar Beach ta Legas, suna tafe a kan rairayi, igiyar ruwa tana wanke musu ƙafafu, ga manyan duwatsu a tsaye bayansu, ga wani tsibiri can nesa. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa Legas. Ya ce iyakarsa Funtuwa. Duwatsun kuwa a fim ɗin Indiya ya gan su. Ban so in kashe masa gwiwa nan take da cewa bakin ruwan Legas shimfiɗaɗɗe ne ba shi da irin waɗannan duwatsu, kuma ita kanta Bar Beach ɗin ta zama tarihi, domin an cike wurin da yashi ana gina sabon garin da ake kira Eko Atlantic. Abin da na ce masa shi ne, ranar Asabar ya same ni gida a Kambarawa bayan sallar asuba, ya sa takalmin da ba ya cin ƙafa, zan kai shi bakin teku.

Ba zolayarsa nake yi ba. Wannan yankin namu da 'yan boko suke kira Sahel, sunan daga Larabci ya fito, wato sahil, ma'anarsa gaɓar teku. Daga jam'in kalmar ne ma aka sami sunan mutanen gaɓar Afirka ta Gabas da harshensu na Suwahili. Ga wanda ya kwana sittin ko saba'in a kan raƙumi daga Tarabulus, ya bi ta Gadamus da Gat da Agadas, ba ya ganin komai sai yashi da sama, hamada teku ce, raƙumi jirgi ne, madugu kuma shi ne matuƙi. Inda ya fara hango kuka da tsamiya da gonakin gero, nan ne gaɓa. Katsina tana cikin manyan tashoshin wannan gaɓa, kuma akwai lokacin da babu tashar da ta kama ƙafarta a ƙasar Hausa. Tudun da ake tsayawa a kansa a hango ayari yana tahowa, shi ne ganuwa.

Na taɓa karantawa cewa a kudu maso yammacin Ingila akwai wata hanyar ƙafa mai tsawon mil 630 da ta bi bakin teku, tana hawa duwatsu tana gangarawa rairayi, mutane suna barin gidajensu su yi makonni suna bin ta don nishaɗi. Abin da ya ja hankalina shi ne asalinta. Masu gadin gaɓa ne suka tattake ta da ƙafafunsu suna fakon 'yan fasa-ƙwauri, sana'ar da mu mutanen bakin iyaka ba sai an yi mana bayaninta ba. Da aikin gadin ya ƙare sai jama'a suka gaji hanyar. To, mu ma magabatanmu sun bar mana tamu hanyar masu gadi. Bambancin kawai, su can sun adana tasu, mu nan muna haƙar tamu muna yin tubali.

Da yake littafin yaron nan ne ya tayar da maganar, bari in bi da mai karatu ta inda na bi da shi.

Mun fara daga Ƙofar Sauri, wadda hanyarta ta nufi Kaita da arewa. Lokacin hunturu ne, hazo ya sauko ya rufe gari. Wanda bai taɓa hawa wani tudu a Katsina da sassafen hunturu ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba: ƙasa takan ɓace, kawunan bishiyoyi da rufin gidaje su riƙa yawo a cikin farin abu kamar kwale-kwale. Muna yara, a ƙarshen shekarun 1980, mun sha hawa guntayen ganuwar da suka rage muna sulalowa a kan kwali, mu koma gida da yagaggen wando mu sha bulala. Yanzu a wurare da yawa sai ka tambayi dattijo ya nuna maka da sandarsa inda ganuwar take a da. Ka duba ka ga shago, ko katangar bulo, ko juji.

Masana tarihi sun haɗu a kan cewa birnin ya kafu sosai ne a ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Korau, wanda har yau fadar Sarki take amsa sunansa, Gidan Korau. Babbar ganuwar da ta kewaye gari kuwa an fi danganta ta da Sarki Ali Murabus, a ƙarni na 16. Ɗalibin nawa ya ɗauka murabus ɗin ajiye sarauta ake nufi. Masana suna fassara laƙabin da kalmar Larabci murabiɗ, wato mai zaman ribaɗi, mai tsaron iyaka, kuma wannan ya dace da sarkin da ya yi wa gari katanga. Duk mai son ya bi diddigin waɗannan al'amura ya nemi littafin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya cikin 1981. Ba littafin kwanciya da dare ba ne, yana son fensir a hannu, amma kunya ce a ce mutum marubuci ne a Katsina bai taɓa buɗe shi ba.

Yadda aka yi ginin shi ne abin da ya fi burge ni. Babu dutse, babu siminti, babu mota. Ƙasar da aka tara ganuwar da ita a gindinta aka haƙe ta, saboda haka aiki ɗaya ya haifi kariya biyu: ga katanga ta tashi sama, ga rami ya nutsa ƙasa a bayanta, a bar ƙaya da sarƙaƙiya su cika shi yadda doki ba zai ratsa ba. Gindinta mai kauri ne, tana hawa tana sirancewa, ta ciki kuma akwai inda maharba suke tsayawa. Ganuwar ƙasa kuwa kamar gona take, in an bar ta shekara ɗaya ba a taɓa ba, sai damina ta ci rabonta. Don haka in ruwa ya ɗauke sai a yi gayya, kowane ɓangare da masu gyaransa, a kwaɓa ƙasa a toshe inda ya zaizaye. Wannan shi ne sirrin daɗewarta, kuma shi ne sirrin mutuwarta. Ba igwa ce ta rushe ganuwar Katsina ba. Ranar da aka daina jin tsoron mahara, ranar aka daina gayya.

Daga Ƙofar Sauri muka karkata gabas zuwa Ƙofar Durɓi, hanyar Mani da Daura. A wannan shiyya, can wajen Mani, akwai Durɓi ta Kusheyi, inda manyan tuddan kaburburan sarakunan farko suke, tun kafin zamanin Korau. Sarautar Durɓi ita ce Muhammadu Dikko yake riƙe da ita kafin Turawa su naɗa shi Sarkin Katsina a 1906. Daga nan sai Ƙofar Marusa, sai Ƙofar Kaura mai kallon Kano, wadda ta ɗauki sunan sarautar babban jarumin yaƙi. Ba zan tsaya a kan waɗannan ba, domin abin da mai tafiya zai gani a yau ƙofofin siminti ne da aka yi wa fenti, motoci suna wucewa ta ƙarƙashinsu bibbiyu. Suna da kyau a hoto. Sai dai ƙofa ce babu katanga, kamar a kafa ƙyaure a tsakiyar fili. A da ƙofar birni matsattsiya ce, mai ƙyaure mai nauyi, da sarkin ƙofa a bakinta, in rana ta faɗi a rufe, wanda ya makara ya kwana waje da kuraye.

A nan ɗalibin ya fara ɗingishi, ya tambaye ni saura nawa. Na ce masa akwai wanda ya riga mu aunawa. Wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya iso Katsina a watan Janairu na 1851, bayan ya gangaro daga Abzin tare da ayarin gishiri, zamanin Sarki Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje. Ya sake biyowa a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato da Tambutu. A ƙiyasinsa kewayen ganuwar ya kai mil 13 zuwa 14, wato sama da kilomita 20. Amma mutanen da ya tarar a ciki bai ga sun wuce dubu 7 zuwa dubu 8 ba, sun taru a shiyyar arewa maso yamma, sauran fili duk gonaki da kango. Ya yi hasashen cewa a lokacin da garin yake ganiyarsa mazaunansa za su iya kai dubu 100. Kafin shi, a 1824, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ratsa garin yana dawowa daga wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ma ya ga gidaje ba su ci ko kashi ɗaya cikin goma na filin da ganuwa ta kewaye ba, ya kuma ji cewa kasuwa ta koma Kano.

Wannan fili da baƙin suka yi mamakinsa, wani ɓangarensa da gangan aka bar shi tun farko. Birnin da ake tsammanin za a yi wa zobe dole ya sami inda zai yi noma, ya ɗaure dabbobi, ya kuma saukar da mutanen ƙauye da suka gudo. Amma sauran kangon yaƙi ne ya haife shi. A wajen 1807 masu jihadi ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje suka ci birnin bayan doguwar gwagwarmaya. Sarakunan Haɓe suka fice zuwa arewa, daga baya zuriyarsu ta kafa Maraɗi, inda har yau Sarkinsu yake amsa sunan Sarkin Katsina. Daga nan kusan ƙarni guda ba a zauna lafiya tsakanin Katsinan biyu ba. Sunayen Ɗan Baskore da Kaura Hasau sun isa su tuna wa mai karatu irin hare-haren da ake yi. Fatake kuwa ba sa son hanyar da ake tare ayari, sai suka karkata raƙumansu zuwa Kano. Tasha ba ta mutuwa don ruwa ya ƙafe kaɗai, takan mutu in jirage suka sami wata mafakar da ta fi kwanciyar hankali.

Akwai wata magana ta Barth da ya kamata 'yan ƙungiyarmu su sani, ko da Kanawan cikinmu za su ɓata rai. A ganinsa, a Katsina ne harshen Hausa ya fi cika da yalwa da daɗin furuci. Shaidar baƙo ce, ba ni na faɗa ba.

Da muka wuce Ƙofar Ƙwaya, hanyar Dutsinma, sai muka zo Ƙofar 'Yanɗaka ta yamma. A nan na sa yaron ya tsaya ya huta, domin wurin ya cancanci tsayawa. Ta wannan ƙofa Lugga ya shigo Katsina a 1903, bayan Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato kuma a watan Maris. Ba a harba bindiga ba. Sarki Abubakar ya karɓe shi. Katangar da aka yi shekara ɗaruruwa ana yi wa gayya, ta tare mahaya daga Gobir da Maraɗi, ranar nan ba ta yi aikin komai ba, domin waɗannan baƙin daga wata tekun suka fito, ta ruwa, wadda ba a taɓa gina ganuwa dominta ba. Bayan 'yan shekaru jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka riƙa hauhawa daga Legas cikin kwanaki, fataucin hamada ya durƙushe. Katsina da take bakin gaɓa ta wayi gari a ƙurya, domin dogon bai biyo ta kanta ba. Ƙofar gida ta koma bayan gida. Shi ya sa da Sarki Dikko ya tashi tafiya aikin Hajji a 1921, bai bi sawun raƙuma ba, kudu ya nufa ya shiga jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Sai a 2021, shekara 110 bayan isowar jirgi Kano, aka aza harsashin dogon da zai haɗa Kano da Katsina da Maraɗi, wato kusan tsohuwar hanyar ayari.

Daga Ƙofar 'Yanɗaka ban bi da shi kai tsaye zuwa Ƙofar Guga ba. Na ce tunda a littafinsa akwai tsibiri, bari mu shiga cikin gari in nuna masa tsibirai. Kowace tashar jiragen ruwa a duniya tana da unguwannin baƙi, kowace ƙabila da lungunta, da masallacinta, da abincinta. Haka tsohuwar Katsina take. A jerin unguwannin da Barth ya rubuta akwai wadda take ɗauke da sunan mutanen Tawat, can cikin hamadar ƙasar Aljeriya ta yau. Akwai Wangarawa daga ƙasar Mali, akwai Barebari, akwai Abzinawa, akwai Larabawan Gadamus. Masanawa tana tuna mana Wali Ɗan Masani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667. Sunan Wali Ɗan Marna yana kan maƙabartar da aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a cikinta a 2010. Ayarin da ya kawo gishiri da takarda da alharini shi ne ya kawo littattafai da malamai. Ta wannan hanya Shehu Magili ya zo ƙasar Hausa a wajen 1493, kuma a zamanin nan ne Imamu Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Masar. Hanyar ba shigowa kaɗai take yi ba. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da hisabi, daga nan ƙasar ya fita, ya yi Hajji, ya zauna Alƙahira yana koyarwa har ya rasu can a 1741. Ina koyar da yara shekara da shekaru, ban taɓa samun ajin da mutum uku suka san sunansa ba.

Muka ɓulla gindin hasumiyar Gobarau. Tsayinta wajen ƙafa 50 ne, ginin ƙasa, kuma labarin baka yana danganta ta da zamanin Korau, lokacin da wurin yake babban masallaci da makaranta. Ladan yana kiran salla a kanta, masu gadi kuma suna hango ƙurar dawaki daga nesa. Idan ganuwa ce gaɓa, to Gobarau ita ce hasumiyar da ke nuna wa jirage hanya. A yau benaye da turakun wayar salula sun kere ta, sai ka zo dab da ita kafin ka gan ta. Amma ka tuna da mutumin da ya yi wata biyu bai ga abin da ya fi tozon raƙumi tsawo ba, sannan ka sake ɗaga kai.

Ruwa ma akwai shi a wannan tafiya, in mutum ya zo a lokacinsa. Ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa su ne kududdufan birni. Da damina sukan cika, kwaɗi su yi ta kiɗa, balbela ta sauka, yara su yi ta iyo ana kora su. Aikinsu na asali shi ne shanye ruwan sama. Da aka bi su ana cikewa da shara ana yanka filaye, ruwan bai fasa zuwa ba, sai ya riƙa neman tsohon masaukinsa a cikin ɗakunan mutane. Ni kaina na kwana kwasar ruwa da bokiti a gidan wani ɗan'uwana da ya sayi irin wannan fili da arha, yana murna.

Ba ina cewa marubuci kada ya rubuta teku ba. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta garin nan, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rubuta abin da idonsa ya gani ne, shi ya sa har yau ake karantawa. Damuwata ita ce, cikin littattafan da matasanmu suke kawo mini, na ga Legas, na ga Dubai, na ga Landan, duk daga bakin waɗanda ba su je ba, amma ban taɓa ganin wanda ya zaunar da mutum biyu a gindin ganuwa da la'asar, ya sa tsohuwa mai tallar dakuwa ta wuce su, ya bar inuwar katangar ta miƙe a kansu ba. Guntayen da suka rage kuwa kowace damina raguwa suke yi, kowane rani kuma mai amalanke yana zuwa da diga. Hukumar adana kayan tarihi tana da nata aikin, masarauta da gwamnati suna da nasu. Namu shi ne mu je mu gani, mu auna da ƙafa, mu tambayi dattawan da suka san inda kowace kusurwa take tun suna da rai, mu rubuta da sunayen wuraren.

Rana ta take tsaka lokacin da muka iso Ƙofar Guga, hanyar Jibiya da Maraɗi. Manyan motoci suna ta wucewa, 'yan acaba suna kutsawa tsakaninsu. Muka sami inuwar wata darbejiya muka zauna, na saya mana fura. Sauran tafiyar daga nan zuwa Ƙofar Sauri, inda muka faro, ba mu ƙarasa ta a ƙafa ba, domin takalmin nasa ya ci amanarsa, sai muka hau Keke Napep. A hanya ya ciro takardunsa daga aljihu, ya tambaye ni ko a wane wata ne shamuwa take isowa Katsina, kuma ko daga kan ganuwa ana iya ganinta kafin mutanen cikin gari su gani. Na ce masa da bazara take zuwa, gab da faɗuwar ruwa. Amsar tambaya ta biyu kuwa, na ce ya je ya sami wani tsoho mai gyaran keke da muka wuce a kusa da Ƙofar 'Yanɗaka, wanda ya ce mana a kan ganuwa ya yi kiwon awakin kakarsa.